Bitar Aikin Kamfanin Farautar Shugabanni da Ya Nemo Wanda Ya Gaje Ni

Wata goma sha takwas ke nan da na sauka daga shugabancin kamfanin intanet ɗin da muka kafa ni da abokina, kuma sai yanzu hankalina ya kwanta yadda zan iya yin magana bisa adalci a kan kamfanin da aka ɗauka domin ya nemo wanda zai gaje ni. Sana'ar irin waɗannan kamfanoni ita ce farautar manyan ma'aikata. Ba sa tallata gurbin aiki su zauna jiran takardun masu nema, sai dai su bi mutanen da ke riƙe da manyan muƙamai a wasu wurare ɗaya bayan ɗaya, su yi ta lallashinsu har su yarda su bar inda suke. Ba zan ambaci sunan wanda muka yi hulɗa da shi ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi. Matsakaicin kamfani ne, ba ya cikin manyan da suka yi suna a duniya, amma yadda yake gudanar da aikinsa bai bambanta da yadda aka saba a wannan sana'a ba.

Kamfaninmu yana sayar da manhajar lissafin kuɗi ga ƙananan 'yan kasuwa ta intanet. Mun karɓi jarin kasada sau biyu, wato kuɗin da masu zuba jari ke sakawa a kamfanin da bai tsaya da ƙafafunsa ba, da fatan ya bunƙasa su sayar da hannun jarinsu da riba mai yawa. Wanda bai taɓa karɓar irin wannan kuɗi ba zai iya ɗauka cewa kuɗi kawai ake ba shi, alhali kowane zagaye yana zuwa ne da kujera a kwamitin daraktoci, kuma wannan kwamiti shi ne mai ikon naɗa shugaban kamfani da sauke shi. Bayan zagaye na biyu kujerunmu sun zama biyar: biyu namu, biyu na masu jari, ɗaya kuma ta wani dattijo da aka ɗauko daga waje. Asusun masu jarin kasada yawanci shekara goma ake ɗibar masa kafin a mayar wa masu kuɗin dukiyarsu, saboda haka haƙurinsu yana da wa'adi. Da cinikinmu ya gaza kaiwa inda muka yi alkawari har sau uku a jere, sai aka fara gaya mini cikin ladabi cewa kamfanin ya girme ni.

Ba ni ne farau ba. Noam Wasserman, wanda a lokacin yake koyarwa a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard, ya wallafa wani bincike a shekarar 2008 a kan sababbin kamfanoni 212 na Amurka, inda ya gano cewa kafin kamfani ya cika shekara uku rabin waɗanda suka kafa shi sun riga sun bar kujerar shugabanci, kuma waɗanda suka kai kamfaninsu kasuwar hannun jari da kansu ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Na san wannan adadi tun kafin abin ya zo kaina, amma sanin adadi daban, ganin an buɗe fayil da sunan kujerarka daban.

Zan fara da kuɗin aikin, domin a nan ne mutum zai gane wa ake yi wa hidima. Ladan da suka nema shi ne kashi ɗaya bisa uku na abin da sabon shugaban zai karɓa na albashi da lada a shekararsa ta farko, wanda shi ne abin da aka saba a sana'ar. An raba biyan gida uku, na farko kafin alƙalami ne, sauran biyun kuma suna biyo baya ko an sami mutumin ko ba a samu ba. A madadin haka sun yi alkawarin cewa idan wanda aka ɗauka ya tafi kafin shekara ta zagayo za su sake neman wani ba tare da sabon lada ba, kuma ba za su zo su farauci ma'aikatanmu ba na wani ƙayyadadden lokaci. Sun kuma ba mu zaɓin biyan wani ɓangare da hannun jari, abin da ba baƙo ba ne: kamfanin Heidrick & Struggles, wanda ya nemo wa Google Eric Schmidt ya zama shugabansa a 2001, ya karɓi damar sayen hannun jari cikin ladansa, kuma bayan Google ya shiga kasuwar hannun jari a 2004 wannan dama ta kawo masa sama da dala miliyan 100. Mu dai mun biya da tsabar kuɗi. Abin da ya dame ni a wannan tsari shi ne, duk yadda albashin sabon shugaba ya ƙaru haka la'adar dillalin za ta ƙaru, alhali shi ne zai zauna a tsakiya lokacin da ake cinikin albashin. Na nemi a yanke tsayayyen kuɗi tun farko, suka amince ba tare da jayayya ba, kuma na lura cewa da ban tambaya ba babu wanda zai ambata mini cewa hakan mai yiwuwa ne.

Wadda ta jagoranci aikinmu mace ce mai shekaru da gogewa, mai nutsuwa, wadda ba ta katse mai magana. Ta kwashe kwana biyu a ofishinmu tana ganawa da ma'aikata ɗaya-ɗaya, daga injiniyoyi har masu amsa kiran abokan ciniki, kuma da yawa daga cikinsu sun gaya mini daga baya cewa ba su taɓa samun wanda ya saurare su haka ba. Ni kaina ta zauna da ni kusan awa uku. Ta tambaye ni abin da nake so a aikin da abin da nake gudu, na kuma faɗa mata gaskiya cewa ina ƙin zaman kasafin kuɗi, ina jinkirta sallamar wanda ya gaza, kuma ranar da na fi jin daɗi a mako ita ce ranar da muke sakin sabon gyara a manhaja.

Bayan mako guda ta aiko da takardar da ke bayyana irin mutumin da ake nema. Na karanta ta da dare, ni kaɗai a ofis, kuma tun a shafi na farko na ci karo da jumloli biyu da na riga na ji daga bakin babban mai jarinmu a zaman kwamiti, kusan kalma da kalma: ana son wanda ya taɓa riƙe ma'aikata ɗaruruwa, wanda kuma ya taɓa kai kamfani ga sayarwa ko ga kasuwar hannun jari. Babu ko layi ɗaya a kan sanin halin ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda su ne ke biyan mu. Daga baya na fahimci cewa wannan ne aiki na huɗu da ta yi wa kamfanonin da mai jarin nan yake da hannu a ciki. Kamfaninmu ne ya biya kuɗin, amma mu sau ɗaya za mu zo, shi kuwa zai dawo da wani aikin baɗi. Ban zarge ta da rashin gaskiya ba, kuma har yanzu ban zarge ta ba, sai dai duk mai sana'a ya san wanda yake cika masa rumbu, kuma ya kamata a ce ta bayyana mana wannan alaƙa tun ranar farko maimakon in tsinto ta a bakin wani.

Babban ƙorafina ya wuce wannan. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba a taɓa yin ta ba, wato shin sabon shugaba muke bukata ko kuwa ƙwararren mataimaki da zai riƙe gudanarwa. Tarihin kamfanonin intanet yana da misalan hanyoyin biyu, har da na uku. A 2008 Mark Zuckerberg ya ɗauko Sheryl Sandberg daga Google ta riƙe harkokin gudanarwa da talla a Facebook, shi kuma ya ci gaba da zama shugaba. A Google, bayan masu jarin kasada Kleiner Perkins da Sequoia sun zuba dala miliyan 25 a 1999 sun matsa a kawo gogaggen shugaba, Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa kamfanin, suka ja lokaci har suka sami Schmidt, wanda shi kansa masanin kwamfuta ne kafin ya zama manaja, suka yi mulkin tare su uku na shekara goma, sannan Page ya karɓi kujerar a 2011. A LinkedIn kuwa Reid Hoffman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, da kansa ya ga cewa shugabancin yau da kullum ba shi ne ƙarfinsa ba, ya miƙa wa Jeff Weiner a 2009 ya tsaya a matsayin shugaban kwamiti, har Microsoft ya sayi kamfanin a 2016 a kan kimanin dala biliyan 26. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi ta dace da wani irin mutum da wani irin kamfani. Da na ɗaga mata wannan magana, amsarta ita ce: "Malam, wannan hukunci ne na kwamitinku, ni an kira ni ne bayan an yanke shi." Gaskiya ta faɗa, amma wadda ta yi kwana biyu tana sauraron ma'aikatanmu ta fi kowane darakta sanin inda ciwon yake, kuma na tabbata tana da ra'ayi. Shawarar da aka biya kuɗi mai yawa dominta bai kamata ta tsaya a bakin ƙofar tambaya mafi nauyi ba.

Da aka shiga farautar kanta, aikinsu ya burge ni. Kowace ranar ƙarshen mako rahoto yana isowa: waɗanda aka tuntuɓa, waɗanda suka ƙi da dalilin ƙinsu, waɗanda ke tunani. Dalilan ƙin ma darasi ne, domin a cikinsu ne na fara jin yadda mutanen waje ke kallon kamfaninmu ba tare da sakaya ba. Sirri kuwa sun riƙe shi da kyau, wata biyar ana wannan nema ba tare da abokan hamayyarmu ko abokan cinikinmu sun ji ƙishin-ƙishin ba.

Inda suka yi rauni shi ne son babban suna. Jerin farko da suka kawo cike yake da mataimakan shugabannin manyan kamfanoni, mutanen da suka saba da sakatare da sashen shari'a da kasafin da ba ya ƙarewa, kuma da kyar aka sami biyu da suka taɓa aiki a wurin da kuɗin da ke asusu ba zai kai shekara biyu ba. Ba ina cewa fitowa daga babban kamfani aibi ne ba. Meg Whitman daga kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ta zo eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, a 1998, lokacin ma'aikatansa kusan talatin ne, ta kai shi kasuwar hannun jari a wannan shekarar, ta kuma riƙe shi shekara goma yana bunƙasa. Amma ta tarar da kasuwar da Pierre Omidyar ya kafa tana tafiya, masu saye da masu sayarwa suna zuwa da ƙafarsu, riba tana shiga, abin da ake bukata shi ne tsari. George Shaheen kuwa ya bar shugabancin Andersen Consulting a 1999 ya koma Webvan, kamfanin kai kayan masarufi gida-gida, ya tarar an riga an ƙulla kwangilar gina manyan rumbunan ajiya ta kimanin dala biliyan ɗaya alhali ba a tabbatar cewa cinikin zai biya kansa ba, kuma a 2001 kamfanin ya durƙushe. Ƙwararren manaja yana iya faɗaɗa abin da ya riga ya kama hanya, amma da wuya ya gano hanyar da masu kamfanin kansu ba su gano ba. Mai neman shugaba ya kamata ya fara tantance wanne daga cikin yanayin biyu kamfani yake ciki. Mu muna tsakiya ne, ɓangare ɗaya na kasuwancin ya kama, ɗayan yana lalube, kuma takardarsu ba ta nuna sun lura da hakan ba sai da na yi tsayin daka aka sake rubuta ta.

Abin da ya sa ba zan ce kuɗinmu ya tafi a banza ba shi ne binciken da suka yi a kan mutum uku na ƙarshe. Akwai wanda kwamitin ya riga ya ƙwallafa rai a kansa, mai iya magana ne ƙwarai, kuma masu ba da shaidar da ya kawo da kansa duk sun yabe shi. Matar nan ba ta tsaya a kansu ba. Ta nemo mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa a wurare biyu, waɗanda bai ba da sunayensu ba, ta ji labari iri ɗaya daga bakuna daban-daban: yana hawa da sauri, amma duk inda ya bari sai a tarar ƙwararrun sashen sun watse. Ta kawo wannan gaban kwamiti ƙarara, ta san kuma cewa hakan zai ƙara mata wata guda na aikin da ba za a ƙara mata ko kwabo a kansa ba, kuma zai ɓata wa mai jarin da take hulɗa da shi rai. A ranar na ga bambancin mai sana'a da ɗan kamasho, kuma wannan ne ya sa na ce ban zarge ta da rashin gaskiya ba.

Wanda aka ɗauka a ƙarshe mutum ne mai ƙarancin magana. A ganawarmu ta biyu bai tambaye ni komai a kan hasashen ciniki ba, sai ya roƙi in buɗe masa akwatin ƙorafin abokan ciniki. Ya jawo kujera kusa da tawa, ya sa tabarau, ya yi kusan awa guda yana karanta saƙonnin masu shaguna da ke kukan cewa rasiti ba ya fita ko lissafin bashi ya rikice, yana rubuta wasu a ƙaramin littafi. Da ya gama ya nuna mini guda uku ya ce matsala ɗaya ce ta haife su, kuma ya yi daidai. A wannan yammacin ne na daina jin cewa ƙwace ake yi mini.

Daga ranar da ya sa hannu a takardar kama aiki, kamfanin farautar ya ɗauke ƙafa. Wannan shi ne ƙorafina na biyu mai girma, kuma shi ne wanda ya fi yi mana ɓarna. Babu wanda ya zauna da mu ya tsara abin da zan riƙe da abin da zan saki, wa ke da maganar ƙarshe a kan manhaja, yadda za a sanar da ma'aikata, ko matsayin abokina da muka kafa kamfanin tare, wanda ba a taɓa tuntuɓarsa da gaske ba. An ba ni muƙamin shugaban sashen ƙirƙira ba tare da an fayyace iyakarsa ba. Ma'aikatan da suka daɗe suka ci gaba da zuwa wurina da abin da ya kamata su kai wa sabon shugaba, ni kuma na riƙa amsa musu saboda sabo, shi kuma ya riƙa jin labarin hukunci bayan an zartar. Abokina ya ajiye aiki a wata na biyar, injiniyoyi uku daga cikin na farko suka bi shi. Wannan hatsari sananne ne tun zamanin Cisco, kamfanin kayan sadarwar kwamfuta da Sandy Lerner da Len Bosack suka kafa, inda aka kawo John Morgridge ya zama shugaba a 1988 bayan shigowar jarin Sequoia, zama ya ƙi daɗi, aka sallami Sandy Lerner a 1990, Len Bosack kuma ya fice bayanta. Kamfanin da ya yi wannan aiki sau da dama ya fi mu sanin inda ake tuntuɓe, kuma shafi ɗaya na shawara da zama biyu ko uku a watannin farko da sun rage mana asara mai yawa.

Shi sabon shugaban ya yi abubuwan da na kasa. Ya karɓo basussukan da na ji nauyin tambaya, ya gyara farashi, ya ɗauko mai kula da kuɗi na gaske, ya kuma rufe ayyuka biyu da nake ƙauna waɗanda ba su taɓa kawo komai ba. Akwai kuma abin da muka rasa: gyaran da muke saki duk mako ya koma duk wata, kuma ƙaramin canji yanzu sai ya bi ta hannu uku. Wannan rashi ne da ke sa wasu kamfanoni su koma neman wanda ya kafa su, kamar yadda Steve Jobs ya koma Apple a 1997, Jack Dorsey kuma ya koma shugabancin Twitter a 2015. Shi ne kuma ya sa masu kafa kamfanoni suka koyi kare kansu da hannun jarin da kowane ɗaya ke da ƙuri'a goma a zaɓen masu hannun jari, irin wanda Google ya shiga kasuwa da shi a 2004, har aka sami masu jari irin Andreessen Horowitz, da aka kafa a 2009, suna tallata kansu da cewa sun fi son mai kamfani ya ci gaba da shugabanci. Amma wanda ya ga yadda masu jari suka tilasta wa Travis Kalanick sauka daga shugabancin Uber, wanda yana cikin waɗanda suka kafa shi, a 2017 bayan jerin abin kunya, ko yadda Adam Neumann ya bar shugabancin WeWork, kamfanin da shi ma yana cikin waɗanda suka kafa, a 2019, ba zai ce barin mai kamfani a kujerarsa kullum alheri ne ba. Ni dai na yarda cewa saukata ta dace, abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka bar abin da ya biyo bayanta ga sa'a.

Idan wani mai kamfani ya tambaye ni ko ya yi hulɗa da su, zan ce ya yi, matuƙar an riga an tattauna a fili an tabbatar cewa sabon shugaba ake bukata, domin a nema da bincike da riƙon sirri ban ga aibinsu ba. Sai dai ya tambaye su a zaman farko ayyuka nawa suka yi wa masu jarinsa, ya nemi kujera a ƙaramin kwamitin da zai kula da neman, ya yanke tsayayyen lada, kuma kada ya sa hannu sai an rubuta a cikin kwangilar cewa za su tsaya tare da kamfanin a watanni shida na farko su taimaka wajen raba aiki tsakaninsa da magajinsa. Wanda kasuwancinsa bai kama hanya ba tukuna, wannan hidima ba tasa ba ce, komai matsin da yake sha.

A wata na goma sha ɗaya, ana saura kaɗan wa'adin alkawarinsu ya cika, matar ta kira sabon shugaban ta kuma kira mai jarinmu domin ta ji yadda abubuwa ke tafiya. Ni ne na neme ta da kaina bayan haka, na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan, ta saurara har ƙarshe kamar yadda ta saba, ta ce maganar watannin farko ta shige ta kuma za ta kai ta ga abokan aikinta. A lokacin ni da magajina mun riga mun samar wa kanmu mafita: kowace safiyar Litinin muna zama mu biyu mu karanta ƙorafin abokan ciniki na makon da ya wuce, abin da ya shafi manhaja ni nake yanke hukunci, abin da ya shafi kuɗi da ma'aikata nasa ne, kuma mun rubuta hakan mun aika wa kowa. Wata bakwai muka ɗauka kafin mu kai ga wannan tsari, kuma abokina ya riga ya tafi kafin nan.